Ko Allah ya kama ɗana ne don ban ba da zakka ba?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Dankali da kabeji nake sayarwa a kasuwar Farin Gada. A cikin ikilisiya na tashi, an yi mini baftisma, ina kuma cikin mawaƙa. Tun da ciniki ya ja baya, wata 3 ke nan ban ba da zakka ba, wato ɗaya bisa goma da ake kai wa ikilisiya. Ana cikin haka ɗana mai shekara 4 ya kwanta, har muka kwana 6 a asibiti. Wata mama ta Zumuntar Mata ta zo dubiya, da za ta tafi sai ta ce mini ruwa ba ya tsami banza, wanda ya hana Allah nasa a asibiti zai zubar da shi. Ƙanena kuwa cewa ya yi in rabu da ita, zamanin alheri muke, babu zakka babu doka, Yesu ya biya komai, shi ma abin da ya ga dama yake yi. Tun ranar na kasa yin addu'a. Baba, wa ke da gaskiya a cikinsu?

Amsa: Ɗana, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Ubangiji ya ƙara wa yaron sauƙi, ya ƙarfafa mahaifiyarsa. Na haura shekara 30 a aikin ikilisiya. A ƙauye na fara, daga baya na dawo nan Jos ina koyar da Sabon Alkawari ga masu shirin zama fastoci. A duk tsawon shekarun nan babu tambayar da ta fi taka yawan zuwa mini, riga kawai take sakewa. Wani zakka ce ta dame shi, wata ɗankwali, wani kuma azumin kwana 3 ya karya a rana ta biyu, washegari motarsa ta lalace.

Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Allah bai kwantar da ɗanka saboda kuɗin wata 3 ba. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan lissafi, mun kuma san amsar da ya bayar. A Yohanna sura 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ka ga su ma ruwa ba ya tsami banza suke cewa. Yesu ya ce ba shi ba, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Abokan Ayuba su uku sun zauna suna ta tono masa laifin da suke ganin ya jawo masa masifa, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba (Ayuba 42:7). Ni da hannuna na binne 'ya'yan dattawan da ba su taɓa fashin zakka ko na wata ɗaya ba, na kuma ga 'ya'yan mutanen da ba su san ƙofar coci ba suna girma lafiya lau. Sauro ba ya duba katin zakka kafin ya ciji yaro.

Maman nan kuwa, kada ka riƙe ta a zuciya. Ta biya kuɗin keke ta zo ta duba ɗanka, alhali da yawa ba su zo ba. Abin da ta faɗa daga bakinmu fastoci ta ji shi. Malakai 3:8-11 take tunani, inda aka yi maganar yi wa Allah fashi, da la'ana, da mai cinyewa. Sai dai mu dubi mutanen da aka faɗa wa. Yahudawa ne da suka dawo daga bauta a Babila, suka sake gina Haikali. Lawiyawa, masu hidimar Haikali, ba a ba su gādon ƙasa kamar sauran kabilu ba, zakkar jama'a ita ce abincinsu (Littafin Ƙidaya 18:21-24). Da jama'a suka daina kawowa, Nehemiya 13:10 ya nuna Lawiyawa da mawaƙa suka watse, kowa ya koma gona, aikin Haikali ya tsaya. Mai cinyewar da aka ambata kuwa abin da ke lalata amfanin gona ne, ayar da kanta ta faɗi haka. Albarka da la'anar nan na alkawarin Sina'i ne, waɗanda aka jera a Maimaitawar Shari'a 28. To, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a da ya zama abin la'ana dominmu. Duk wanda ya ɗauko la'anar Malakai ya ɗora a kan mai bi, ya tsallake gicciye ya koma baya. Kuma Shari'a ba a tsintar ta kamar tumatir a faifai, a ɗauki wannan a bar wancan. Malaman Yahudawa sun ƙidaya umarnai 613 a cikin littattafan Musa, Yakubu 2:10 kuma ta ce wanda ya yi tuntuɓe a ɗaya ya taka duka. Af, akwai ma zakkar da ba ka cika jin wa'azinta ba, ta kowace shekara ta uku, wadda ake tarawa a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi (Maimaitawar Shari'a 14:28-29).

Amma maganar ta wuce zakka. Tushenta yana cikin yadda muke jin kalmar alheri. Waɗanda suka ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun zaɓi wannan kalma, kuma sun kyauta. Sai dai a zamanmu na yau da kullum alheri abu ne mai zagayowa. Mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In wata ta kawo wa matarka turmin atamfa ranar suna, za a riƙe a ka, wasu ma a littafi suke rubutawa, domin ranar nata bikin a mayar da kamarsa ko fiye. Babu laifi, haka zumunci ke tafiya. Matsalar ita ce da wannan kunnen muke jin "alherin Allah", sai mu mai da zamanmu da shi adashi: ka zuba, ka kwasa, in ka yi fashi uwar adashi ta biyo ka har gida. Ni dai addinin lissafi nake kiran wannan. Mai yin sa yana iya zama mutumin kirki ƙwarai, amma can cikin ransa akwai littafin bashi a buɗe, kullum yana dubawa ko shi ke bin Allah ko Allah ke bin sa. In abubuwa suka yi kyau sai ya ji ya cancanta, ya fara kallon wasu a raine. In suka ɓaci sai tsoro ya kama shi, ya kasa addu'a, kamar yadda ya same ka. Wa zai so haɗa ido da mai bin sa bashi?

Alherin da Sabon Alkawari ke magana a kai yana zuwa ne wa wanda bai zuba komai ba. Romawa 4:4-5 ta ce ladan ma'aikaci hakkinsa ne, ba a kiran sa kyauta, amma marar tsoron Allah ne Allah yake baratarwa ta wurin bangaskiya. Romawa 5 ta ce tun muna masu zunubi, har ma muna magabta, Almasihu ya mutu dominmu. Kai ɗan kasuwa ne, don haka ka karanta Matiyu 20 da idon kasuwa. A ce motar dankali ta iso daga Bokkos da asuba, ka ɗauki 'yan dako suna ta saukewa tun sanyi na ratsa ƙashi. Ƙarfe 5 na yamma ka ƙara kiran wasu da suka yini a zaune ba wanda ya ɗauke su, suka ɗaga buhu biyu-uku, aka tashi. Wajen biya ka ba kowa kuɗin yini cikakke. Ai ranar sai shugabannin kasuwa sun shiga tsakani. Haka na farkon suka yi gunaguni a misalin Yesu, maigidan ya ce ban cuce ku ba, dinarin da muka shirya na ba ku, ko kuna jin haushi ne don na yi alheri? Duk lokacin da na koyar da wannan a aji sai wani ɗalibi ya ce, Malam, amma fa ba a yi adalci ba. Nakan ji daɗin wannan ƙorafin, domin alama ce ya ji abin da misalin ke faɗa.

Wannan rigima ta kusa raba ikilisiyar farko gida biyu. Bulus ya yi wa'azi a ƙasar Galatiya, cikin Turkiyya ta yau, al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka ba da gaskiya. Bayan tafiyarsa wasu suka zo suka ce bangaskiya ga Yesu daidai ce, amma sai an ƙara da kaciya kafin mutum ya cika. Lura fa, ba su yi musun Yesu ba, ƙari kawai suka yi masa. Duk da haka Bulus bai taɓa rubuta wasiƙa mai zafin wadda ya aika wa Galatiyawa ba. Ko godiyar da ya saba buɗe wasiƙunsa da ita bai tsaya yi ba, ya kira su marasa azanci, ya tambaye su ko bayan sun fara da Ruhu za su ƙarasa da jiki. Ya ce in ta wurin Shari'a ake samun adalci, ashe Almasihu ya mutu a banza (Galatiyawa 2:21). Abin ya fara bayyana ne a wajen cin abinci. A Antakiya Bitrus yana sa hannu a kwano ɗaya da al'ummai, da wasu suka iso daga Urushalima sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahu, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Addinin lissafi kullum haka yake ƙarewa, da wa za a zauna da wa ba za a zauna ba. A taron Urushalima, wajen shekara ta 49, Bitrus ɗin nan ne ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da mu da kakanninmu muka kasa ɗauka, ta wurin alherin Ubangiji Yesu za mu sami ceto, mu da su (Ayyukan Manzanni 15:10-11).

Akwai wani abu da nake so ka riƙe. Bulus ya ƙi yarda a tilasta wa Titus kaciya (Galatiyawa 2:3), amma shi da kansa ya yi wa Timoti kaciya (Ayyukan Manzanni 16:3). Aiki ɗaya, mutum ɗaya, amsa biyu. A kan Titus ana so a mai da kaciya kuɗin shiga, sai ya ce faufau. A kan Timoti kuwa don kada Yahudawan yankin su toshe kunne ga bishara ne, sai ya yi. Haka zakka take, haka azumi, haka zuwa addu'ar asuba. Abin tambaya shi ne gurbin da ka sa su. Ko a Tsohon Alkawari tsarin bai sauya ba. Kafin a faɗi ko ɗaya daga Dokoki Goma, Fitowa 20:2 ta fara da cewa ni ne Ubangiji Allahnka wanda ya fisshe ka daga Masar. Ba a aika musu doka suna bauta aka ce in kun kiyaye zan zo in fitar da ku ba. Sun riga sun haye teku kafin su isa Sina'i.

Yanzu mu dawo gida Filato. Ni ba na cikin masu zagin dokokin da muka gada. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Legas a 1893 su uku, biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, suka mutu cikin shekara guda. Na SUM (Sudan United Mission) da Karl Kumm suka iso Wase a 1904. Iyayenmu da suka fara ba da gaskiya sun fito ne daga rayuwar da burkutu ke haɗe da tsafi da biki da gayya, shi ya sa ikilisiya ta ce mai bi ya bar shi ɗungurungum. Na ga gidajen da wannan doka ta ceta, na ga yaran da suka yi makaranta don ubansu ya daina kai kuɗin acca gidan giya. Dokokin nan kamar shingen ƙerana suke, irin wanda ake kewaye gona da shi a ƙauyukanmu don kada awaki su shiga. Shinge na da amfani. Amma na sha ganin gonar da shingenta ya yi kauri ya yi kyau, cikinta kuwa ciyawa ce zalla. Mun wayi gari muna auna Kirista da abu huɗu ko biyar da ido ke gani: ba ya sha, matarsa ɗaya, matar tana ɗaura ɗankwali ba ta sa wando, katinsa na zakka a cike. Mutum na iya cika waɗannan duka, ya je kasuwa ya jera manyan dankali a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, ya auna da mudun da aka buga wa gindi, ya dawo gida ya mari matarsa, ran Lahadi kuma ya zauna a kujerar dattawa. Yesu ya ce wa Farisiyawa suna fitar da zakkar na'ana'a da ƙananan kayan yaji, sun bar manyan al'amuran Shari'a, wato gaskiya da jinƙai da aminci (Matiyu 23:23). A garin nan da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, na ga an sa mutane a horo saboda kwalba ɗaya, amma ban taɓa ganin an kira wani gaban dattawa saboda ƙiyayyar da yake koya wa 'ya'yansa a kan maƙwabta ba. Ƙaunar magabci kuwa umarnin Yesu ne kai tsaye. Dokokin ikilisiya ma sukan sauya. Bishop-bishop na Angilikan a taron Lambeth na 1888 sun ce kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, a taron 1988 suka buɗe ƙofa bisa wasu sharuɗɗa. Abin da taro ke iya sauyawa bai kamata a ɗora ceton mutum a kansa ba.

Ina da nawa laifin a nan, kuma har yau yana yi mini nauyi. A ikilisiyar da na fara riƙewa wata yarinya mai kimanin shekara 19 ta yi ciki ba aure. Dattawa suka zauna, aka yanke mata horon wata 6. Ni na karanta sunanta a gaban jama'a. Aka cire ta daga mawaƙa, aka hana ta jibin Ubangiji, wurin zamanta ya koma benci na ƙarshe a bakin ƙofa. Lokacin hunturu ne, iska ta ƙofar nan take shigowa kai tsaye. Ina wa'azi ina hango ta a ƙudundune cikin zane ɗaya, ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Saurayin kuwa ɗan gidan wani mai faɗa a ji ne, aka tura shi gari wajen kawunsa, magana ta mutu. Wata 6 ya cika, ta haihu, ba wanda ya tuna ya kawo zancenta a majalisa, ni ma ban tuna ba. A duk watannin nan ban taka gidansu ko sau ɗaya ba. Ta ci gaba da zama a bencin har wata na tara, daga nan ta daina zuwa. Bayan shekaru na gamu da ita a Taminus tana sayar da gwanjo. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na tambaye ta me ya sa ba ta zo ta tuna mana ba, sai ta ce, "Baba, na ɗauka Allah ne bai gama hucewa ba." Na roƙi gafararta a wurin, a tsakiyar kasuwa. Horo yana cikin Littafi, 1 Korintiyawa 5 ta yi maganarsa a kan mutumin da ya ƙi barin zunubinsa. Amma Bulus ɗin nan ne ya rubuta a 2 Korintiyawa 2:6-8 cewa hukuncin wani mai laifi ya isa haka, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Mu mun koya wa yarinyar nan, ba da baki ba, cewa gafara wa'adi ce da ake cikawa a kan benci.

Ciwon tsoho ne, kowane zamani sai ya dawo. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi ta fama da koyarwar Pelagius mai cewa mutum na iya cika umarnin Allah da ƙarfin nufinsa, har taron Kartaj na 418 ya ƙi ta. Martin Luther a Jamus ya gaji da kansa da azumi da furta zunubi bai sami salama ba, sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa ido, a 1517 kuma ya fito ya yi tir da sayar da takardun sassaucin hukunci. Duk wanda ya ce maka ka shuka iri na naira kaza don Allah ya buɗe maka hanya, kasuwar nan ce ya sake buɗewa.

Saura ƙanenka. Rabin maganarsa gaskiya ce, Yesu ya biya komai. Ɗaya rabin kuwa Bulus ya riga ya amsa shi a Romawa 6: mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya ce ko kusa, mu da muka mutu ga zunubi yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa? Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Wasiƙar Yahuza ta yi kashedi da masu mai da alherin Allah hujjar lalata. Afisawa 2:8-9 da kowa ya haddace, cewa ta wurin alheri aka cece mu ba ta aikin lada ba, aya ta 10 na biye da ita, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. In ka duba da kyau, ƙanenka da maman nan a kasuwa ɗaya suke. Ita tana ganin dole ta biya, shi yana murna ya samu a ɓagas, amma dukansu ciniki suke gani. Tambayarsa ita ce mene ne mafi ƙanƙantar abin da zan yi in tsira. Ɗan ƙodago ne ke irin wannan tambaya, yana duban rana yana jiran a tashi. Ɗan gida in ya ga rumbun ubansa na yoyo ba ya tambayar ko gyaran na cikin yarjejeniya.

Dubi Zakiyus a Luka 19. Yesu bai ce masa ka mayar da kuɗin mutane tukuna in zo gidanka ba. Yana bisa itace aka ce ya sauko, yau a gidansa za a sauka, jama'a na gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Wace dokar zakka ce ta taɓa fitar da rabi daga hannun mai kuɗi? Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. In aka aiko maka da rago, ka ba ɗan aike abin da ya samu, ba wanda zai ce tukwicin ne ya sayi ragon. Amma wanda aka kawo wa rago ya karɓe igiya ya rufe ƙofa ko sannu babu, sai a yi shakka ko ya san abin da aka ba shi. Ka faɗa wa ƙanenka wannan cikin natsuwa, ba a gaban mutane ba. In kuma akwai wani abu takamaimai da yake fakewa da alheri don ya ci gaba da yi, a kan abin za ku yi magana, domin sau da yawa gardamar tauhidi mayafi ce kawai.

Game da kuɗin, ga shawarata. Kada ka ci bashi don ka biya abin da ake kira bashin zakka. In akwai sauran kuɗin asibiti ko na magani a kanka, fara da su, ka kuma tabbata yaron ya shanye maganinsa har ƙarshe. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai nauyi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba, a Markus 7 kuma Yesu ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su hana iyayensu. Sa'an nan ka bayar gwargwadon abin da ka samu. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓa bisa ga abin da mutum yake da shi, 9:7 kuma ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Ni kaina ɗaya bisa goma nake fitarwa tun ina saurayi, ina kuma ba matasa shawarar su fara daga nan, domin hannun da bai saba buɗewa ba da wuya ya buɗe ran da aka samu da yawa. Akwai masu bishara a ƙauyukan bayan Mangu da Pankshin da sukan yi watanni ba albashi, da abin da irinku ke bayarwa suke ci, 1 Korintiyawa 9:14 ma ta ce masu shelar bishara su ci daga bishara. Don haka in ciniki ya dawo ka koma bayarwa, har ka wuce inda kake a da in Allah ya hore. In wannan makon rabin kwandon dankali kawai za ka iya, ka kai wa wata gwauruwa a unguwarku. In kuma katin ne ke damunka, ka je wajen fastonku ka gaya masa halin da kake ciki. Yawancinmu mun fi sauƙin kai a ɗaki fiye da yadda muke a kan bagadi, kuma wannan ma abin gyara ne a gare mu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ka daina addu'a. Ka tuna ɗan nan na Luka 15 da ya cinye gādonsa. A hanya ya shirya jawabi mai gaɓa uku: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Gaɓa ta ukun nan tayin ciniki ce, zai yi aiki ya biya. Ka buɗe aya ta 21 ka gani, bai kai ga faɗinta ba, uban ya riga ya juya yana kiran a kawo riga da zobe da takalma. Mai karɓar haraji na Luka 18 ma jimla ɗaya ya iya, ya Allah ka ji tausayina ni mai zunubi, shi ne ya koma gida baratacce, aka bar mai azumi sau biyu a mako da zakkarsa a tsaye. To, daren nan in yaron ya yi barci, ka zauna kusa da shi ka ɗora hannu a kansa, ka ce Uba, ka faɗi abin da ke ranka, har da tsoron da haushin. Ba sai ka fara da alkawarin biyan komai ba. Ran Lahadi ka sa rigarka ta mawaƙa ka tsaya a wurinka. In kun haɗu da maman a bakin ƙofa ka rusuna ka gaishe ta, ka yi mata godiyar dubiya, ka ce mata jiki ya yi sauƙi.